Mai Ba da Bayani ta Bakwai

Shekara hamsin da biyu Ok Geum-rye ta yi tana noman tafarnuwa a Solmi, wani ƙauye a gundumar Uiseong. 'Yar Andong ake kiranta, don daga can ta zo aure. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna biranen Daegu da Incheon, suna bugo waya idan sun tuna. Da gwiwa ta fara gardama sai ta rage gonar, ta koma dafa wa tsofaffi abincin rana a zauren dattawan ƙauyen.

Tun da jaridu suka ce ƙauyukan gundumar na gab da ƙarewa, Solmi ta yi farin jini. Matasa ba su dawo ba, amma masu bincike sun yi ta zuwa mota-mota, kowa da na'urar ɗaukar magana, su tambayi tsofaffi yaya suke ji da mutuwar garinsu, su ci shinkafa da kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, su koma. Da yake 'Yar Andong ba ta da nauyin baki, wurinta shugaban ƙauye yake tura su.

A cikin na farko-farko akwai wani malamin jami'a mai suna Maeng, siriri, mai yawan rusunawa. Ya tambaye ta yadda take gane mutane na raguwa.

"Takalma nake ƙirgawa a bakin ƙofa kafin in auna shinkafa," in ji ta. "Da aka gina zauren nan ƙafa arba'in da uku ne. Yau sha tara. Ƙara miya, malam, ka rame."

Ya ƙara har sau biyu, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya tafi.

Bayan shekara goma sha huɗu, ana shirin dashen tafarnuwa, sai 'Yar Andong ta fito zubar da ruwan wanke shinkafa ta tarar da wata mata durƙushe a ƙofar zaure tana ɗaukar hoton takalman mutane.

"'Yar nan, in saya za ki yi, sun tsufa."

Matar ta miƙe ta rusuna. Sunanta Yeom Seul-gi, tana rubuta kundin digirin digirgir a kan rayuwar karkara. "Kaka, Ma'aunin Takalma na Maeng nake gwadawa. Wata hanya ce da Farfesa Maeng ya ƙirƙiro ta gane lafiyar ƙauye. Har a ƙasashen waje ana ambatonta."

"Ya ƙirƙiro?"

"E, Kaka. Shekarar 2009, shafi na ɗari da sha huɗu."

'Yar Andong ta ajiye kwano. Ta sa aka kawo mata tabarau, Seul-gi ta buɗe mata maƙalar a waya. Ga sunan Maeng nan cikin baka biyu, da shekara, da lambar shafi, tsaf kamar allon kabari. Can ƙasa aka rubuta cewa wata mai ba da bayani ta bakwai, mace, manomiya, ita ma ta lura da takalma.

"Ita ma," in ji 'Yar Andong. "Lallai na yi ƙoƙari. Ashe na kusa kamo farfesa."

Pil-nyeo, ƙawarta da ke yanka albasa, ta kwashe da dariya. "Yaya, ta bakwai ma kika zo? Ko a gasar waƙa ta gunduma kin fi haka."

'Yar Andong ta zaunar da Seul-gi, ta zuba mata shayin sha'ir, ta ce a sa sunanta a jerin manazarta na ƙarshen littafi, inda ake jera sunayen masu hankali. Seul-gi ta sunkuyar da kai ta fara bayani. Ƙa'ida ta ce a ɓoye sunan wanda aka yi hira da shi, don kare shi.

"Kare ni daga wa? Daga Pil-nyeo?"

Sannan maganar baki ba ta shiga manazarta. Sai abin da aka buga, mai shekara, mai maɗaba'a, mai shafi.

"Wato ni na faɗa, ba a ƙirga ba. Shi ya ji ya rubuta, ya zama nasa."

"Kusan haka ne, Kaka." Ta ƙara da ƙaramar murya, "Kuma shi ne yake duba kundina."

Tsohuwar ta dube ta, ta ga ƙasan idonta ya yi baƙi, sai tausayi ya kama ta. Ta ja ta zuwa ƙofa.

"Nawa kika ƙirga?"

"Sha bakwai."

"Mu tara ne yau. Waɗancan na roba na Dattijo Bang ne, bara ya rasu, ba wanda ya iya zubar da su. Waɗannan biyun masu su suna gidan jinyar tsofaffi. Wancan na shiga banɗaki ne. Sauran huɗun ma masu su ba sa nan. Mai ɗanyar ƙasa a ƙasansa kaɗai ake ƙirgawa. Malaminki bai tsaya jin wannan ba, miya ta ɗauke masa hankali."

Seul-gi ta tsaya baki buɗe. Shekara goma sha huɗu ke nan masana suna zagaya ƙauyuka suna ƙirga matattu cikin masu cin abincin rana, suna zana jadawali mai launi.

Ta yi alkawarin za ta yi abin da za ta iya, kuma ta yi. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arta ya aiko da takarda mai shafi goma sha ɗaya, wadda 'Yar Andong za ta buga wa hatiminta a wuri shida don shaida cewa ta yarda a kira ta da sunanta. An dawo da takardar sau ɗaya, don hatimi na huɗu ya ɗan karkace.

Farfesa Maeng da kansa ya bugo waya, muryarsa ta yi kauri.

"Kaka, ai ilimi na kowa ne. Mu masana tattarawa kawai muke yi."

"Haka ne, malam. To me ya sa sunanka kaɗai ya shiga cikin baka?"

Ya yi tari, ya tambayi lafiyar gwiwarta, ya ce yana da taro.

Ofishin karɓar kundi ya mayar wa Seul-gi aikinta sau uku: gefen hagu ya gaza da milimita biyu, an sa waƙafi inda ya kamata a sa aya, an rubuta sunan wata mujalla a miƙe maimakon a kishingiɗe. Batun cewa ma'aunin da aka yi shekaru ana tinƙaho da shi yana ƙirga mamata, ba wanda ya ɗaga ido a kai. A na huɗu aka karɓa.

Bayan an cire tafarnuwa Seul-gi ta dawo da kwalin lemo da kundin, baƙin bango, rubutun zinariya. Ta buɗe shafi na tamanin da bakwai. A can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar riɗi, an sa: Ok Geum-rye, hira ta baki, Solmi, 14 ga Oktoba, 2023, a kuma duba Maeng (2009).

'Yar Andong ta karanta sau biyu, tana bin layin da yatsa. Pil-nyeo ta leƙo fuskarta.

"Kuka za ki yi, Yaya?"

"Albasarki ce. Dubi, ko a nan sai da ya biyo ni."

Seul-gi ta sami aikin koyarwa a wata jami'a a kudu. Gyaran da ta kawo ya karɓu, masana suna kiransa Gyaran Yeom, abin da ke sa ta jin kunya duk ranar da ta bugo gaisuwa. 'Yar Andong ta ce mata kada ta damu, gara ita, ta san ta wanke kwanon da ta ci abinci.

Kundin yana zauren dattawa har yau. Ba su da kantar littattafai, kuma da aka gwada sai aka ga kaurinsa ya yi daidai da abin ɗora tukunyar miya mai zafi. 'Yar Andong ba ta hana ba. Ta dai sa an cire shafi na tamanin da bakwai tukuna, ta naɗe shi cikin leda, ta kai gida.