Ƙasar Ɗakin Kusurwa

Ni leburan gini ne, kuma abin da zan gaya muku, Allah ne shaidata, a gabana ya faru, shekarun da nake bin yayana Hamma Sale aiki a cikin Gombe. Ba na son ba da labarin nan. Ganin yadda ake ta rushe gidajen dā ne ya sa na rubuta.

An kira mu rushe wani gidan ƙasa a tsohon gari, gidan wani malami da aka ce tun kafuwar garin ya taso daga Gombe Abba, magada za su yi ginin bulo. Duk magini ya san tsohuwar ƙasar gini ta fi sabuwa danƙo, to sai Hamma ya ce mu kwashi ta ɗakin kusurwa, ya ƙarasa ɗakin iyalinsa a unguwar Bagadaza da ita.

Muna cikin lodi da hantsi, wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Yaran nan, ɗakin nan fa ko da takalmi ba a shigarsa. Mai gidan yana ciki, nan aka rufe shi."

Hamma ya yi dariya ya ce, "Goggo, in yana ciki ya fito ya kama mana shebur mana."

Ni ban yi dariya ba, amma ban hana ba. Abin da ke cina ke nan har yau.

Muka kwaɓa, muka ta da bango. Kun dai san zafin Gombe da bazara, amma sati uku bangon nan ya ƙi bushewa, in ka dafa shi sanyi kamar gindin randa. Wata Juma'a bayan la'asar na je dubawa, wallahi sai na ji karatu a hankali, muryar tsoho, daga cikin bangon. Na zagaya baya, ba kowa sai awaki. Da na dawo na sa ƙafa cikin ɗakin, karatun ya tsaya, kamar yadda mutum ke tsayawa in an shigo masa ba sallama.

Na gaya wa Hamma, ya ce, "Kai dai yunwa ke damunka." Bayan kwana biyu ya kwanta rashin lafiya. An kai shi asibiti ba a ga komai ba, shi kuwa sai ramewa, yana cewa an ɗora masa nauyi a ƙirji. Wata safiya ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, mayar masa da kayansa."

Ranar na rushe bangon ni kaɗai, na cika amalanke, na tura har tsohon gari. Ina zuwa na tarar an shafe filin da siminti, ko inda ɗakin yake ban gane ba. Goggo ta dube ni ta ce, "Ina za ka zuba, ɗana?"

Na juye a gindin katanga, na yi sallama, na roƙi gafara. Tun kafin in karya kwanar gidanmu na jiyo kukan mata.

Ni na yi wa Hamma wanka. Kwana goma sha wani abu rabonsa da taɓa aiki, amma a ƙarƙashin faratansa goma akwai jar ƙasa, ɗanya. Na wanke, na sake wankewa. Ban san me ya faru ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Ku masu rusau, don Allah, kafin ku sa diga a tsohon ɗaki, ku nemi tsohuwar unguwa ku tambaye ta. In ta yi magana, ku ajiye shebur.