Man da Gwaggo Ta Shafa wa 'Yata

A gidanmu na Yakasai, shafa mai ba kwalliya ba ce. Idan yaro ya fito tsakar gida ƙafa furu-furu, ba shi ake zagi ba, uwarsa ake zagi. Da man kaɗanya muka tashi, sai basilin, a murza a tafin hannu a bi gwiwa da dunduniya. Wanda ya shafa maka mai, ya damu da kai ne. Shi ya sa har yau idan na tuna abin da Gwaggo ta yi, zuciyata tafasa take.

Haihuwata ta fari aka dawo da ni gida wankan jego. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ke wanke jariran gidan tun kafin a haife ni, don haka ita aka miƙa wa 'yata. Yarinya ta zo jawur kamar kowane jariri. To amma 'yan barka ba fuska suke kallo ba. Kowacce ta karɓe ta sai ta juya kunnen, ta duba gindin farce, wai nan ake gane launin da yaro zai koma. Sai ka ji an ce, "Ayya, kunnen ya nuna, uwarta za ta biyo." Ayya! Sai ka ce wata cuta ta zo da ita. Ina zaune a gabansu fa, baƙa wuluk, ina shan kununa.

Kullum da safe Gwaggo za ta yi mata wanka, ta gasa cibiya, ta shafe ta da mai daga wata 'yar roba da take zuwa da ita a jaka. Na miƙa mata man kaɗanya, ta ce nata ya fi laushi. Wa ya isa ya yi musu da ita a kan jariri? Yarinya ta riƙa tsala ihu duk lokacin da aka shafa, Gwaggo ta ce rigima ce kawai.

Bayan suna, wata safiya na cire mata riga, sai na ga wuyanta har kafaɗa ya saluɓe, yana tsattsafo da ruwa. Na fizgo robar na buɗe. Warin man bilicin ya daki hancina.

Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

Ko a jikinta. Ta ce, "Haɗi ne na yara, marar ƙarfi, wata mata a unguwar Sheshe ke yi. Ke 'yar nan, gata nake yi mata. Mace ce fa. So kike ta sha gorin da kika sha?"

Na ce, "A bakin wa na sha shi, in ba bakinku ba?"

Umma ta daka min tsawa, wai ba a ɗaga wa babba murya. Ga jaririya da ɗanyen nama a waje, amma muryata ce abin dubawa! Na saɓi 'yata na yi asibiti, ban ko tsaya neman takalmin kirki ba. Can ma ni na sha faɗa wajen nas, ta ɗauka ni na shafa.

Ciwon ya warke, ya bar tabo fari tas. Gwaggo kuwa har yau ba ta ce ta yi kuskure ba. Cewa ta yi mai haɗin ce ta cika hannu.

Yanzu yarinyar tana firamare. Baƙa ce, kyakkyawa, kuma kullum sai na faɗa mata. Rannan ina shirya ta makaranta, ta tsaya gaban madubi, ta ja wuyan riga tana shafa tabon. Na ɗauka tsokanarta aka yi, har na fara lallashi. Sai ta juyo tana murmushi, ta ce, "Mama, 'yan ajinmu sun ce nan ne ainihin kalata. Yaushe sauran jikin zai koma haka?"