Ɗinyar Farko ta Baƙo Ce

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen daminar shekarar da aka fara kawo injin niƙa ƙauyenmu. Ni ban san lissafin shekarun Bature ba, amma na san lokacin haƙoran gabana sun gama fitowa, an kuma fara aika ni rijiya ni kaɗai. Da hantsi muna zaune a gindin ɗinyar ƙofar gidanmu, mu yaran gidan, mun zuba wa hanya ido. 'Ya'yan ɗinya sun nuna sun yi baƙi ƙirin, suna faɗowa a gabanmu ɗaya bayan ɗaya, muna tsincewa muna tarawa a ƙwarya, yawu na tsinkewa, amma babu mai ikon kai ko guda bakinsa. Dokar gidanmu ke nan: ba a taɓa ɗinyar shekara sai baƙo ya fara ci. Ba maƙwabci ba, ba ɗan gari ba, baƙo na gaske wanda ya taso daga wani gari. Shekarar nan kuwa ruwa ya cinye hanya, ko mai tallan gishiri bai leƙo ba. Muna nan zaune sai ga mutum biyu sun ɓullo ta bayan gonar dawa, kowa da gatari a kafaɗa, Baffa Haruna ƙanen mahaifina yana gabansu. Mu ba gatarin muka gani ba. Baƙi muka gani.

Bari in gaya muku abin da itacen nan yake a wurinmu, don ku san abin da aka zo sarewa. Duk ƙasarmu ba a kiran gidanmu da sunan mai gida, Gidan Ɗinya ake cewa. In ka ɓata a kasuwa aka tambaye ka ɗan wane ne, ka ce ɗan Gidan Ɗinya, to har ƙofa za a kawo ka. A inuwarta ake sussuka, a nan ake ɗaure jaki, a nan muke 'yar carafke da langa har tuwo ya huce a akushi ana kiranmu. In ta yi toho da bazara mu tsinko ɗinkin, wato ɗanyen ganyenta, a dafa a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. In 'ya'ya suka yi yawa Inna ta dafa maɗi, gidan duk ya ɗauki ƙamshi, ƙudan zuma su hana mu sakat. Amma ko reshenta ne iska ta karyo, ba ya shiga murhunmu. Sai dai a ja shi gefe ya ruɓe don kansa.

Mai riƙe da dalilin duk wannan ita ce Kaka Dije, ƙanwar kakana, wadda ta dawo gidan ubanta bayan rasuwar mijinta. Siririya ce, doguwa, ba a raba ta da mazari da auduga. Ita ta gaya mana cewa a wata yunwa ta can dauri, wata mata mai suna Tasalla ta taso daga arewa da ɗanta goye a baya, mijinta ya mutu a hanya, ba ta san kowa ba. Ƙarfinta ya ƙare a gindin wannan ɗinya. Ta ci ganye, ta ci 'ya'ya, nono ya dawo mata, yaron ya rayu. Da ta samu kanta sai ta kafa bukka a wurin, ta ce zuriyarta ba za ta sare ɗinya ba, ba za ta ƙona ta ba, kuma tun da itacen ya ciyar da ita tana baƙuwa, to baƙo ne zai riƙa buɗe bakinsa kowace shekara. Bayan baƙo ya ci, sai babbar 'yar gida ta tara yara, ta riƙe ƙwarya a cinya. Suna ɗaya, ɗinya ɗaya. Ka ce Tasalla ta haifi Bawa, a miƙo maka guda. Bawa ya haifi Jatau, a ƙara maka. Jatau ya haifi Nomau, Nomau ya haifi Ɗanjuma kakana da Dije, haka har ka sauko kan kanka. In ka yi tuntuɓe, ƙwarya ta wuce gaba, ka zauna kana kallon bakin 'yan'uwanka yana yin baƙi. Ni ƙwarya ba ta taɓa wuce ni ba, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa. Kaka Dije takan dube ni ta ce, "Wannan mai kwaɗayin ita za ta riƙe mana gida."

To, Baffa Haruna shi ya sayo injin nan, kuma ya ga babu wurin da ya dace da ɗakin inji kamar bakin hanya, daidai inda ɗinya take. Mahaifina mutum ne mai sanyi, ya yi magana sau ɗaya ya bar zancen. Baffa ya zagaya gari neman mai sara, kowa ya ce hannunsa na ciwo. Shi ne ya yi dabara ya tafi wani gari mai nisa ya ɗauko waɗanda ba su san mu ba. Bai tuna cewa wanda bai san mu ba shi ne ainihin wanda muke jira ba.

Kafin su ajiye gatari na riga na sunkuci ƙwarya na durƙusa a gabansu. Babban cikinsu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya yi dariya ya ce, "Garin nan akwai karamci." Ya ɗebi cikin hannu ya watsa a baki, ɗan'uwansa ma haka. Yara suka ɗauki sowa. Ihun nan ne ya fito da Kaka Dije daga zaure, da mazarinta a hannu. Ta dubi gatari, ta dubi Baffa, ta dubi bakin baƙin nan da ya riga ya rine. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shimfiɗa tabarma ta ce a kawo musu ruwa, ta yi musu sannu da hanya, sannan ta ce, "Tun da kun buɗe mana baki, sai ku dakata yara su karɓi rabonsu, kafin ku kama aikinku." Baffa ya ce, "Gwaggo, rana na yi." Ta ce, "Haruna, kai ma zauna. Na ga alama ƙwarya ta daɗe da wuce ka."

A gaban baƙin nan ta ba da labarin Tasalla tun daga farko, mu kuma muka jero sunaye muna karɓar ɗinya. Dattijon nan yana zaune yana juya ƙwallon ɗinya a bakinsa. Da aka gama sai ya tofar da ƙwallon, ya miƙe, ya saɓa gatarinsa. Ya ce wa Baffa, "Malam, da ka faɗa mini tun a gida da ban taso ba. Na ci abincinta a matsayin baƙo. Nemi wani." Suka juya suka bi hanyar da suka zo. Baffa ya yi kwanaki ba ya gaida kowa da kyau, daga baya ya gina ɗakin injinsa ta bayan gida, kusa da turken shanu, kuma mata ba su fasa kawo niƙa ba. Ikon Allah, ɗansa Garba na aura daga baya, muka zauna lafiya har mai rabawa ta raba. Shi ya sa in ɗana Sani ya ɓata mini rai nakan ce masa jikan mai gatari.

Bayan rasuwar Kaka Dije, ɗinyar ta ƙara shekaru a tsaye. Wata iskar farkon damina ce ta kwantar da ita, shekarar da na yaye Sani. Ba wanda ya sa mata wuta, gara ce ta cinye ta sannu a hankali. Daga nan abin ya fara lalacewa. Babu itace, babu ƙwarya, babu jiran baƙo. Yayyena suka bi juna, 'ya'yansu suka watsu birane, na waiga na ga sunayen nan ba su da wani masauki sai kaina.

Yau ga ni a Dubai. Ciwon gwiwa ya kawo ni, Sani ya hana ni komawa. Yana aikin tura kaya, wanda suke kira kago, a unguwar Deira, har mutanenmu na nan ba su san shi da wani suna ba sai Alhaji Sani Kago. Muna zaune a unguwar Al Ras, can sama a bene, inda ƙamshin kayan yaji ke hawowa ta taga tun da safe. Ƙofa da ƙofa da mu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin, ta daɗe tana kasuwanci a nan, yanzu ta bar wa 'ya'yanta. Li ake ce mata. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma mun saba zama da la'asar a bakin ruwa muna kallon kwalekwalen haya na kai da kawo, ita ta nuna gwiwarta ta girgiza kai, ni ma in nuna tawa.

Wata rana ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da faranti cike da wani jan ɗan itace, kamar ɗinya ta yi ƙiba, mai ɗan tsami da ƙwallo a ciki. Jikata Hafsa, 'yar Sani, ita ta tsaya tana juya mana magana daga Turanci. Matar ta ce wannan ɗan itacen shi ne ma'anar sunansu. Ta ce a labarin da suka gada, kakansu na farko bafade ne da ya faɗa wa wani azzalumin sarki gaskiya aka kashe shi, matarsa ta gudu daji da ɗansu, ba ci ba sha, 'ya'yan itacen nan ne suka raya su. Da yaron ya girma sai ya ɗauki sunan itacen ya mai da shi sunan gidansu, don kada a manta. Ta ce yau masu sunan ba su ƙirguwa, har a ƙasar Koriya akwai su, zanen sunan iri ɗaya ne sai dai faɗarsa ta bambanta, kuma su can sukan haɗa da garin da kakansu ya fito don a san wane reshe ne. Sannan ta kama hannuna ta zana mini sunan a tafi da yatsarta, ta ce itace ne a sama, yaro a ƙarƙashinsa. Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba, wannan kam na karanta shi. Ai ni ce yaron.

Sai ta tambaya, mu fa, mene ne sunan gidanmu? Kafin in buɗe baki Hafsa ta amsa mata da Turanci. Na ce, "Ke, me kika ce mata?" Ta ce, "Na ce mu ba mu da irin wannan, Kaka. Sunan Baba kawai ake liƙa mana a makaranta." Na ce, "To gidan su wa kike?" Ta yi dariya ta ce, "Gidan Alhaji Sani Kago mana." Ban yi mata faɗa ba, don ba wanda ya taɓa miƙa mata ƙwarya. Mutanen nan sun ɗauki itacensu sun sa a cikin suna, duk tekun da suka ƙetare yana biye da su. Mu namu mun bar shi a ƙofar gida, da ya faɗi sai ya nemi tafiya da mu.

Na sa Sani ya yi wa wata Hajiya 'yar Maraɗi magana, mai zuwa sarin atamfa. Ya ce, "Inna, duk kayan marmarin da ke garin nan, sai ɗinya?" Na ce, "Jikan mai gatari, yi abin da na ce." Da lokacin kaka ya yi sai ga Hajiyar da ƙullin busasshiyar ɗinya a cikin jakarta. Ba ta gidanmu ba ce, ta wani dajin ce, ta yamutse kamar fuskata, amma ɗinya ce. Na juye a kwanon silba, don ƙwarya ba ta samuwa a nan. Hafsa ta kai hannu, na buge shi. Na ce, "Baƙo tukuna." Muka ƙwanƙwasa ƙofar Li. Ta ɗauki guda ta tauna, ta ɗan yamutsa fuska, ta ɗaga mini babban yatsa, ta ƙara ɗaukar wata don kara. Sannan muka dawo na zaunar da Hafsa da ƙannenta a kan dardumar falo. Ƙananan suka tofar, suka ce ƙasa-ƙasa take, suka gudu wurin talabijin. Hafsa ta zauna. Ta yi tuntuɓe a kan Jatau, na janye kwano. Ta ce, "Haba Kaka, shwayya-shwayya mana," wato sannu-sannu da Larabcin garin. Na ce, "Ba shwayya a nan, koma kan Tasalla." Ta koma. Kafin a kira magariba ta sauko tun daga Tasalla har kanta ba gargada, bakinta baƙi ƙirin, tana leƙa madubi tana dariya. Da ubanta ya shigo ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baba, wa ya haifi Nomau?" Ya tsaya da makulli a hannu yana sosa ƙeya. Ta ce, "To ƙwarya ta wuce ka."

A da muna da itace da inuwa da fili, abin da muke rasawa shi ne baƙo, har mu yi kwana da kwanaki muna kallon hanya. Yanzu ba itace, ba inuwa, sai sanyin na'ura da ƙarar jiragen sama, amma in na buɗe ƙofa duk wanda na gani daga wata ƙasa ya taso. Nakan tuna sanyin ƙasar gindin ɗinyar nan a tafin ƙafata, da ƙarar mazarin Kaka Dije, in ji kamar in miƙa hannu in taɓa. Ba zan sake zama a wurin ba, na sani. Amma sunayen sun samu inda za su kwana bayana. Tasalla ma da baƙunta ta fara.