Akwatin da Aka Ce Yana Korar Hadari

Shekara tara na yi ina auna abin da ban taɓa gani da idona ba. Ozon ake ce masa, wata iska ce can ƙololuwar sama da ke tace hasken rana kafin ya iso kanmu. Aikin meteyo nake yi, wato duba yanayi, a wata ƴar tasha a bakin garin Magarya, ina auna ruwan sama da zafi da iska, sai rana ɗaya shef, shugaban tashar, ya dawo daga Damagaram da wani akwati da bai kai bulo girma ba, ya ce daga yau wannan ma nawa ne. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Aikin ba wuya, sai gajiya. Rana na take tsaka ka fito fili, ka saita idon akwatin ga rana har wani ɗigon haske ya faɗa tsakiyar da'ira, ka riƙe numfashi, ka danna, ka rubuta lamba a kaye, littafin aikinmu. Sharaɗi ɗaya ne: kada girgije ya shiga tsakaninka da rana. In akwai shi, sai ka tsaya da akwati a hannu har ya gushe. Na sha tsayuwa kamar mai jiran mota, gumi na bin gadon bayana. In rana ta ƙi fitowa sam, sai in rubuta "hadari" a layin ranar. Shef ya ce darajar lambobin nan a jerinsu take, kada a bar layi fayau. Ni kuwa na ɗauki maganar da zafi, har ranar sunan ɗiyata sai da na sulale na je na auna. Abin alfaharina ke nan a duniya, ba ni da wani.

Sai wata damina ruwa ya ɗauke bayan an yi noman fari. Gero ya fara nannaɗe ganye, har da nawa, don ni ma ina da gona a Yekuwa, kawuna ke duba mini ita. Shi ya rene ni, shi ya kai ni lakkol, makarantar boko, da hannunsa. Aka yi roƙon ruwa, washegari hadari ya haɗu daga gabas, kowa ya zuba wa sama ido. Ni ma na fito da akwatina, na tsaya ina jiran kafar da rana za ta leƙo. Hadarin ya tsage, na auna, kafin azahar sama ta washe tas.

Tashar tamu a bakin hanyar kasuwa take. Abin da masu wucewa suka gani shi ne mutum ya nuna wa hadari akwati, hadari ya watse. Kuma ba ranar suka fara gani ba.

Kwana biyu sai ga kawu a amalanke. Ya ƙi shiga buro, ɗakin aikinmu, ya zauna a kujera, ya tsuguna a inuwar bango. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, mutane sun aiko ni. A rufe abin nan."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Kawu! Ku ma? Akwatin nan ko ƙuda ba ya kora. Ba shi ke watsa hadari ba, ni ne ke jira sai ya watse."

Ya ce, "To me ya sa kake jira ya watse? Mu muna roƙo ya tsaya, kai kana tsaye kana fatan ya tafi. Ruwa na Allah ne, mun sani. Amma kai a wane sahu kake?"

Wallahi gaskiya ya faɗa: shekara da shekaru ina kallon girgije ina ce masa matsa a zuciyata. Na yi ta bayani da hannu da ƙafa, ya saurara har na gaji. Sannan ya ce kwana uku kawai yake roƙo, in na hana shi bai san da wace fuska zai shiga masallacin garinsu ba. Tsoho ne, ga shi uba a gare ni. Na mayar da akwatin jakarsa a gabansa, na kulle.

Ranar farko rana ta fito ƙwal, babu ko ƙyallin gajimare. Na zauna da bik a hannu zan cike layin ranar, ban iya rubuta "hadari" ba, ƙarya ce. Na bar layin. Ta biyu ma haka. Kunyar da na ji tun lokacin na san zan faɗe ta wata rana: na so kada a yi ruwan, don kawai a gane ba laifin akwatina ba ne. Mutum da gona, ka ji!

Rana ta uku da hantsi aka kece da ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon gwangwanin awon ruwa na cika. Na yi murna, geron kawu ya tsira, nawa ya tsira. Kuma na san ba zan taɓa cin wannan gardama ba har in mutu.

Shef ya ga layi biyun nan, ya tambaya, na ce ban ji daɗin jikina ba. Da kaka kawu ya aiko mini da dami biyu daga gonarsa, ya ce mutanen gari na godiya da na sakar musu ruwa. Muka ci, me za mu yi?

Tun daga nan, duk daminar da ruwa ya yi jinkiri, waya ce kawai. Kawu ba ya ma doguwar magana yanzu, sai ya ce, "Ɗana, an fara jin jiki." Ni kuma na daina bayani. Sai in tashi in ɗauko jakar, in kulle.