Kwale-kwalen da Shu'ibu Ya Sakar wa Ruwa

Shu'ibu mai fito ba ya son doguwar gaisuwa, ko sannu ka yi masa sai ya tambaye ka ta mece ce. Mutanen ƙauyensu, can bayan Auyo, sun saba da halinsa, da ƙafar hagun da yake ja kamar jiƙaƙƙen buhun shinkafa.

A tafkin Chadi ƙafar ta lalace. Kamun kifi ya je yi, 'yan bindiga suka afka wa masunta, harsashi ya fasa masa ƙauri. Da jan gindi ya tsallaka iyaka neman mafaka. Sojojin can suka dubi jinin, suka cilla shi cikin babbar mota, suka sauke shi inda ya gudo. Kafin ya ga mai ɗori ƙashin ya kama a karkace. Ya dawo gida da baƙin ciki, ya kama fito da kwale-kwalen mahaifinsa, abin da ya mallaka ke nan.

Bara kogin Haɗeja ya yi ambaliya. Kowane ƙauye ya kewaye kansa da jingar buhunan yashi, kuma kowa ya sani, ruwan da ka tare gonar maƙwabcinka yake tafiya. Jingar su Shu'ibu ta fashe, shinkafa ta nutse, aka ce wani Misbahu na ƙauyen tsallake ne ya sare ta.

Ana cikin wannan katanga ta faɗo wa Misbahu, cinyarsa ta karye. Hanyar asibiti kuwa ɗaya ce, ta mashigin su Shu'ibu, inda babura ke jira. Shu'ibu ya je ya ɗauko shi.

Samari suka tare bakin gaɓa da gorori, Haruna ɗan ƙanwar Shu'ibu a gaba.

"Kawu, juya da shi. Ya je mutanensu su yi masa magani."

"Ta ina, ta sama?"

"Shi ya cinye mana shinkafa!"

"In ya warke ku kai shi gaban mai gari. Ni ma an taɓa juyawa da ni, ga abin da na samu." Ya ɗage wando ya nuna musu ƙaurin.

Ba wanda ya gusa. Ran Shu'ibu ya ɓaci ƙwarai. Ya diro cikin ruwa, ya goya Misbahu yana tangaɗi, sannan ya sa lafiyayyar ƙafarsa ya tunkuɗa kwale-kwalen tsakiyar kogi. Igiyar ruwa ta yi gaba da shi.

"To, ku mayar da shi. Da me?"

Haruna ya daɗe yana kallon kwale-kwalen kakansa yana tafiya. Can ya yar da gorar, ya je ya tado babur.

Ba a sake ganin kwale-kwalen ba. Yanzu gyaran komar kamun kifi Shu'ibu yake yi a gindin tsamiya, fuska a ɗaure kamar kullum. Ranar kasuwa Misbahu yakan zo gaishe shi. Shu'ibu ba ya amsawa da wuri, sai ya gama kallon ƙafar Misbahu tana takawa a miƙe.