Tsarabar Kawu

Maigidana ne ya kawo shawarar motar, ni kuma na fara yi masa dariya. Mutumin da ko fakin a gaban masallaci sai ya yi gaba ya yi baya har mutane su gaji da jira, shi ne zai tuƙa gida sukutum daga Atlanta zuwa Washington? Amma ya kafe. Ya ce mahaifiyata ba za ta iya zaman ƙaramar mota da waɗannan gwiwoyin nata ba, jirgi kuwa ta riga ta rantse ba za ta ƙara hawa ba sai ranar komawarta gida. Ya je ya hayo irin motar nan da ake kira RV a nan, mai gado da banɗaki da ɗan kicin a ciki. Da ya shigo da ita layinmu, Umma ta fito ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta ce, "To, Allah ya kyauta. Yanzu kuma gidan ne ke tafiya."

Umma ta zo Amurka ne daga Funtuwa don ta yi mini zaman jego a haihuwata ta uku. Amma ni na sani, rabin zuciyarta ba a kaina yake ba. Yayanta, wato Kawu, yana Alexandria, kusa da Washington, kuma rabon da ta sa shi a ido tun ina goye. Kawu ne ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. A lokacin direban babbar mota ne, yana bin hanyar Legas, kuma bai taɓa dawowa bai riƙo mata wani abu ba: busasshen kifi daga Jebba, doya daga Mokwa, lemo, wani lokaci ɗankunne. Na ji labarin nan har na haddace. Daga baya ya tsallako nan ya kama tuƙin tasi, ya yi aure, ya tsufa, bai ƙara taka gida ba. Mun ɗauka matsalar takardu ce. Da na zo ƙasar na gane ya daɗe da samun takardunsa, sai na ja bakina na yi shiru.

Ana gobe za mu tashi na ce wa Umma mu shiga kanti mu saya masa wani abu, ko turare ko agogo. Ta dube ni kamar na zage ta. Kuka da daddawa da yajin da ta zo da su daga gida tun satin farko muka aika masa kasonsa ta gidan waya, wannan a wurinta ya wuce, ba ya cikin lissafi. "Ke, tsarabar hanya a hanya ake saye," in ji ta. "Duk abin da Yaya ya taɓa kawo mini, daga tagar mota ya saya. Yau ni ce matafiyar." Na ce mata nan fa ba kamar gida ba ne. Ta ce ai unguwarmu ce ta masu ƙyale-ƙyale shi ya sa ba na ganin masu talla, in bari mu hau babban titi in gani. Ni da goyo da yara biyu da kayan haɗawa, ban tsaya jayayya ba.

Ranar farko daɗi ne zalla. Umma ta kame kujerar da ke jikin babbar taga, ta miƙe ƙafa, ta ɗora jaririyar a cinya. Ta dafa mana shinkafa da wake tun kafin mu tashi, ƙamshin mai da yaji ya cika motar. Yaran sai hawa da sauka suke a gadon sama, tana yi musu magana da Hausa suna amsa mata da Turanci, kowa kuma ya gamsu. Maigidana ya riƙe sitiyari da hannu bibbiyu, ya hana kowa yi masa magana in babbar mota za ta wuce mu. Na tsokane shi har na gaji. Lokacin azahar muka tsaya a wurin hutawa, Umma ta yi alwala a ɗan banɗakin tana ta mamakin inda ruwan ke zuwa.

A South Carolina muka fara ganin alluna a gefen titi, an rubuta da hannu: kankana, tumatir, har da dafaffiyar gyaɗa. Wallahi dafaffiyar gyaɗa, irin tamu. Maigidana ya ce, "Umma, in ratse mu saya wa Kawu?" Ta tambaya ko mun kusa. Aka ce sai gobe da yamma. Ta girgiza kai. Gyaɗar da ta kwana ba tsaraba ba ce, za ta yi yauƙi. Na nuna mata firji, ta ce ita ba za ta kai wa yayanta abin firji ba. Kuma wane irin mai talla ne wannan da sai ka bar titi ka je nemansa? A bari sai mun kusa gari, a nan ake samun na kirki. Har yau in na tuna allon nan yana wucewa ta taga, sai in ce da ma mun tsaya.

Muka kwana a wani fili da aka ware wa irin motocin nan, tsakanin itatuwa, maƙwabtanmu tsofaffin Turawa da karnukansu. Da safe Umma ta yi wanka, ta fito da atamfar da ta ajiye tun daga gida, ta sa lalle a yatsa ɗaya don wanda ta yi ya fara kodewa. Ta ɗaure 'yan kuɗinta a bakin mayafi, ta koma jikin taga.

Daga nan fira ta fara raguwa. Muka shiga Virginia, muka hau titin 95, ba komai sai itatuwa hagu da dama da motoci masu gudu. Duk gidan man da muka tsaya sai in ja ta cikin shagon. Ta ɗaga ledar biskit ta juya, ta ajiye. "Wannan ai akwai shi a ƙasan gidansa." Muka wuce Richmond tana leƙe. Ta ce babu laifi, ai babban birnin ƙasa ne a gaba, ko Abuja kafin ka shiga sai ka ƙi ganin gabanka don masu doya da manja.

Kafin garin Woodbridge cunkoso ya kama mu. Layi-layi na motoci, an tsaya cak, rana na dukan gilashi. Maigidana ya fara tsaki, Umma kuwa fuskarta ta washe. Ta gyara zama, ta kwance bakin mayafi, ta sa ɗana ya zuge mata tagar. Zafi ya bugo ciki. Ta fitar da kai tana duban gaba, tana duban baya, tana jiran su ɓullo da farantai a ka, kamar yadda suke yi a duk inda mota ta tsaya tun da aka haife ta. A motar da ke gefenmu wata mata ce ita kaɗai, tana magana da waya. A ta gaba wani mutum na cin abu daga takarda. Ba wanda ke tafiya a ƙasa, ko mutum ɗaya.

Mun daɗe a wurin. Tun ina ƙunshe dariya har na daina. Can ta ce, a hankali, ba tare da ta juyo ba, "Su mutanen nan, duk wannan tsayuwar a banza take tafiya?" Ta mayar da kanta ciki, ta ɗaure bakin mayafin, ta ce a rufe tagar kada jaririya ta sha hayaƙi.

Sai ga birnin ya fara tasowa. Tituna suna hawa kan tituna, jirgin ƙasa ya bi ta gefenmu, jirgin sama ya sauko ƙasa-ƙasa kamar zai taɓa mu. Yaran suka manne da gilashin gaba suna neman dogon farin ginshiƙin nan da suka gani a littafin makaranta. Ni ma na so in yi murna, karo na farko ke nan da na zo. Amma idona na kan Umma, ita kuma idonta na kan tafin hannunta.

Gidan Kawu a cikin dogayen benayen nan yake na yammacin Alexandria. Motarmu ba ta shiga ko'ina ba. Wurin fakin na ƙarƙashin ƙasa ya yi mata gajarta, na waje ya yi mata ƙanƙanta. Muka zagaya, muka sake zagayawa, maigidana gumi har wuya. A ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofar benen inda aka hana tsayawa, ya kunna fitilu masu ƙyaftawa, ya ce mu yi sauri mu sauka. Na ɗauki jaririya, yaran suka dira. Umma ba ta motsa ba.

"Umma, mun iso."

"Ku je. Ni ba zan shiga ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mata mun yi tafiyar kwana da yini saboda ita, ga mutum yana jira a sama, ga 'yan sanda za su iya zuwa. Ta ce, "Tun ina yarinya bai taɓa shigo mini hannu rabbana ba. Sau ɗaya tak aka ce ni in je masa. Da wane ido zan dube shi?" Na ce a je kanti yanzu yanzu. Ta ce in daina yi mata maganar kanti. Ta juya fuskarta ga bango.

Na kira Kawu a waya na gaya masa gaskiya, don ban san me zan ƙirƙira ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Gani nan."

Ya fito daga lif da sanda, cikin farar jallabiya da silifas. Ban san ya rame haka ba. Matarsa na biye da shi tana cewa ya yi a hankali. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina, amma motar yake kallo. Matakalar ta yi masa tsawo, sai da maigidana ya tallafe shi. Ya shiga ya tsaya a tsakiya yana numfashi, ya dubi gadon, ya dubi kicin ɗin, sannan ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane.

Umma ta amsa cikin mayafi.

"Auta," in ji shi, "tunda ba za ki shigo nawa ba, ni na shigo naki. A gidan nan ba a ba baƙo ruwa?"

Ta miƙe da sauri. Ta ɗauko kofi, ta ɗauraye shi duk da a wanke yake, ta cika, ta zo gabansa ta kai waɗannan gwiwoyin ƙasa, gwiwoyin da ko salla a kujera take yi. Ya zauna ya karɓa ya sha. Ruwan ya ɗan zuba masa a jallabiya. Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Yaya, ka tsufa." Ya ce ita ma ai ba yarinya ba ce. Ta ce, "Ban riƙo maka komai ba. Na duba hanya tun daga can, babu kowa."

Kawu ya ajiye kofin. Ya ce, "Na sani. Ni ma na duba." Sannan ya ci gaba. "Kowace shekara nakan ce bana zan je gida. Sai in zauna in lissafo mutane, wance da wane, 'ya'yan wane, maƙwabta. In dubi abin da ke hannuna in ga bai kai ba. A ce mutum ya dawo daga Amurka da ɗan akwati ɗaya? Sai in ce baɗi. Abin da ya hana ki sauka daga motar nan, shi ya zaunar da ni a garin nan har Innarmu ta rasu."

Wani na ta yi mana hon a baya. Umma ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Inna ba ta taɓa tambayar me za ka kawo ba. In ta ji ƙarar babbar mota dai, sai ta ce a leƙa."

Kawu ya rufe fuskarsa da hannu. Na kwashe yaran muka fita, na bar su.

Da suka fito, ita ce ta riga shi sauka, ta miƙa masa hannu. Suka nufi ƙofar benen a hankali, ba ka sanin wa ke riƙe da wa. Maigidana ya ja motar ya tafi neman inda za ta kwana, mu kuma muka hau sama muka tarar da tuwo da miyar kuɓewa sun huce a kan tebur.

Mako guda muka yi. An kai yaran sun ga ginshiƙinsu da manyan gine-gine, Umma ba ta je ko'ina ba. Kullum suna kan tabarma ɗaya a falo, tana lissafa masa waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi jikoki, yana tambayar ko itacen tsamiyar bakin tasha na nan. Nakan tsaya a ƙofar kicin in saurare su. Ina kewar muryoyin nan biyu a ɗaki ɗaya fiye da yadda zan iya faɗa.

Umma ta koma gida da sanyi ya fara shigowa. A waya Kawu ya yi mata alkawari zai biyo ta bayan babbar salla, da akwati ɗaya ko babu. Ta sa an gyara masa ɗakin zaure, an yi fenti, an sa sabon labule. Kafin sallar likita ya hana shi doguwar tafiya, ya ce sai ya ƙara ƙarfi. Sallar ta wuce, wata sallar ma ta wuce. Duk ranar Juma'a in na kira Umma, bayan gaisuwa takan gaya mini ta sa an share ɗakin.