Amshi Daga Cikin Rumbu

Wata Lahadi ce ta kasuwar Jibiya, a bazarar 1976, ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gidanmu ina bitar karatu, sai ga Yaya Lawali ya shigo da rikoda rungume a ƙirji. Ta wani direba ce, Mati, wanda motarsa ke jiran 'yan kwastan su sallame ta a bakin iyaka. Ya ara masa ita zuwa la'asar kawai, domin da an ɗaga sanda zai wuce Maraɗi.

Yaya Lawali ɗan yayan babanmu ne. A Maraɗi ya tashi wajen mahaifiyarsa, ya yi lakwal, wato makarantar boko ta can, ya dawo mana da Faransanci a baki da wata jita mai tsagaggen ciki da ya ɗinke da waya. Yana waƙa da Hausa, in ya kai tsakiyar baiti ya juye Faransanci, tsofaffi su girgiza kai, direbobi su yi shewa. A shekarun nan arziki ya buɗe, sababbin babura sun cika gari, kowane mai mota yana son a yi masa waƙa. Wani Alhaji mai manyan motoci ya aiko masa da babbar riga, kuma kowa ya san mawaƙin da ya sa rigar mutum ya zama nasa. Yaya ya naɗe ta da kyau ya mayar, ya ce a yi masa godiya. Washegari 'yan amshinsa biyu suka koma wajen wani makaɗi da ya karɓa.

Shi ya sa ranar nan yake da rikoda, da kaset, da batir sabo, amma ba mai yi masa amshi, kuma waƙar Hausa in ba amshi kamar mutum ne ke magana shi kaɗai. Ni kuwa ina aji biyar, kunya ta hana ni ko amsa sunana da ƙarfi a makaranta. Yara na gaɗa da yamma, ni ina gefe riƙe da takalmansu. Sai dai duk waƙar da Yaya ya rera a zaure na haddace ta, har Faransancin da ban san ma'anarsa ba, ina maimaita shi a hankali in ina surfe ko ina ba awaki dusa. Ashe yana ji.

"Malama Dije, taso ki cece ni," ya ce. Na ce wallahi ba zan iya ba, mutane za su gan ni. Inna da ke tankaɗe ta ɗago ta dube mu, ta ce, "To ka sa ta rumbu mana, can wa ka ganin ta?" Rumbunmu na ƙasa ya kusa ƙarewa a lokacin, sai 'yan dammunan gero a ƙasa. Aka kafa tsani, na hau na dira ciki da littafina a hannu, Yaya ya zauna a saman tsani da jitarsa, ya rataye rikodar a bakin rumbun da igiyar guga. Ciki duhu, ga ƙamshin tsohon gero, ga zafi. Ya fara, ya zo wurin amshi, na yi shiru. Ya mayar da kaset baya. Karo na biyu na rufe ido na ce, "Gida biyu gare ni, hanya guda," sai rumbun ya dawo mini da muryata ta yi kauri, kamar ta wata babbar mace da ban sani ba. Zakara ya yi cara a tsakiya, Yaya ya ce a bar shi, shi ma ɗan gida ne. Ana kiran la'asar ya ruga bakin iyaka, ya iske Mati har ya ta da mota.

Kaset ɗin ya bi motoci. Masu shagon rediyo suka yi ta kwafa, har aka fara kiran Yaya biki a Maraɗi da Katsina. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa sa rigar kowa ba har ya ajiye jita ya koma gyaran rediyo. In an tambaye shi wace ce yarinyar nan mai amshi, sai ya ce wata ce daga ƙasar gero.

Yanzu jikokina suna ɗaukar waƙa a waya, su goge, su sake, ba mai jiran su da mota a bakin iyaka. Rumbun ya rushe tuni, Yaya ma Allah ya yi masa rasuwa. Na yi shekaru ina koyarwa a gaban aji, amma ban ƙara jin muryata yadda na ji ta a cikin duhun nan ba.